Leda Ɗaya Na Ce

Ina aji huɗu na firamare a Sandamu lokacin. Ranar da la'asar ƙanwata Hauwa tana kwance a cinyar Inna, gudawa ta tsotse ta har idanunta sun faɗa. Baba ya aiko da fakitin garin gishiri da sukari daga kemis, da ruwan leda.

Inna ta miƙo mini. "Ke 'yar boko, duba mana. Ruwa nawa za a zuba?"

A jikin fakitin an rubuta lita ɗaya. Na juya ledar ruwan, na ga 50cl. Ba a koya mana wannan ba tukuna. Amma ni kaɗai ce mai karatun boko a gidan, kuma Inna ta zuba mini ido, sai na ji kunyar in ce ban sani ba.

"Leda ɗaya," na ce.

Ta dama, tana ba Hauwa da cokali, yarinyar tana kawar da kai. Sai Inna ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Malamar asibiti ta ce kada ya fi hawaye gishiri. Kin tabbata kuwa, uwata?"

"Haka aka rubuta, Inna."

Ta ci gaba da ba ta.

Sai a sakandare na san santilita ɗari ne lita ɗaya, wato leda biyu. Hauwa kuwa ba ta ƙara kwana biyu a duniya ba. Kowa ya ce kwananta ne ya ƙare, wataƙila haka ne.

Yau 'yata ce kwance da irin ciwon, ina dama mata garin da leda biyu. Inna tana zaune gefena tana yi mini sannu, kuma har yanzu ban iya faɗa mata ba.