Maɗaurai Huɗu a Gonar Taba

Abokina Wendell ya zube tsofaffin maɗaurai na ƙarfe gaban Goggo Loretta yana washe baki. Ita ke tantance mana duk tsohon ƙarfen da na'urarmu ta gano a ƙasa.

"Goggo, yau kakarmu ta yanke saƙa! Maɗaurai huɗu, a tsohuwar gonar taba."

Ta gyara tabarau. "Manyan na takalmi ne, ƙananan na ɗaure wando a gwiwa. Tun zamanin mulkin Ingila. Yaya kuka same su?"

Na ce, "Manyan suna gefe da gefe. Ƙananan kuma gaba kaɗan, kamar kamu ɗaya."

Ta ajiye na hannunta kamar ya ƙone ta.

"Kai Wendell, shekara goma kana tono, har yau ba hankali? Ɗaya ke suɓuce wa mutum a hanya. Wa ka taɓa ji ya yar da huɗu a jere? Mai su yana kwance a wurin, sanye da abinsa."

Wendell ya laluba aljihu a hankali, ya fito da fararen guntayen da muka yini muna ce wa karyayyen lofen taba na farin yumɓu.

Babu ko ɗaya mai hudar hayaƙi. Ƙasusuwa ne.