Kuka Karo na Biyu

"Inna, yi haƙuri ki sake kukan nan," in ji mai gabatar da shirin. "Makirufo bai ɗauka ba."

Mai kyamara ya ɗago kai. Shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa jin an nemi ƙarin hawaye a kan toka mai ɗumi ba. Jiya gobara ta cinye shagon tsohuwar, ga keken ɗinkinta nan ya ƙone ƙurmus. An ce mata idan aka nuna ta a talabijin, za a taimaka.

Ya ƙudurta cewa tana fara zaginsu, zai ajiye kyamarar ya tsaya mata.

Tsohuwar ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara zama.

"'Yar nan, ta wane gefe kuke so? Waɗanda suka zo da safe sun ce hagu ya fi, wai hayaƙin ya fi fitowa."

"Allah ya saka, Inna," in ji mai gabatarwar, tana gyara jan-baki.

Mai kyamarar ya juya zai tofar da yawu, sai ya ga ƙafafunsa sun riga sun kai shi hagu. Da gaskiyarsu kuwa, hayaƙin ya fi fitowa.