Bugun da Ke Bin Birkin Auta

Auta ta taka birki a bakin shataletale, sai ga shi kuma: gum!

"Kin ji ko?" in ji Baba daga kujerar gefe, ya karkata kunne ƙasa. "Ta nan wajena yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne."

Ta ji, mana. Tun ranar da ta karɓi lasisi ya miƙa mata makullin tsohuwar motarsa take jin bugun nan. Motar ta girme ta, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an lallashe ta take buɗewa. Amma ita ce kaɗai za ta riƙa kai Auta sabon aikin da ta samu na gwajin jini, a wani asibiti can bayan gari inda motar haya ba ta zuwa sai ta ga dama. Baba kuwa ya kafa sharaɗi. In ba a gano bugun ba kafin ta fara aiki, motar za ta tafi wajen masu sayen tsohon ƙarfe, don ba zai saka 'yarsa cikin makara mai taya ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangare yana ɗauke da siminti, bai ko yanke waƙar da yake rerawa ba. Gangaren nan duk shekara sai ya ƙara tsawo. Shi ya ce zai riƙa zama gefen Auta har hannunta ya faɗa, kuma yakan gaya wa maƙwabta cewa tuƙinta ko a jikinsa, har gyangyaɗi yake yi.

Auta dai ba laifi, ta iya sitiyari. Sai dai idonta a kafe yake kan titi, wuyanta ba ya juyawa, kuma ba ta tunawa da birki sai ta iya karanta ƙananan rubutun da ke bayan motar gabanta.

Suka kai motar wajen bakanike, abokin Baba tun suna da gashi a ka. Ya ɗaga ta da jak, ya jijjiga tayoyi, ya kwance birki gaba da baya, ya ɗaure duk wani noti da ya gani. Ya fita da ita shi kaɗai, ya yi ta taka birki har taya ta yi ƙauri, ya dawo ya rantse bai ji komai ba. Baba ya ce ai baƙin mai ne ya toshe masa kunne. Ya karɓi makulli ya zaga da kansa, shi ma shiru. Wannan bai dame shi ba, ya ce mota ta san mai ita.

Auta na karɓar tuƙi a hanyar gida, a danjar farko: gum!

Aka kwashe kayan but ɗin motar kakaf. Aka fitar da safaya, da wata sifana mai tsatsa, da kwanon Mama da aka daɗe ana zargin maƙwabciya a kansa. Aka sauya shokozoba. Bakanike ya shige ƙarƙashin motar ya fito kamar an tsoma shi a tawada, ya ce shi dai ya ƙure iliminsa. Wani maƙwabci ya kawo zancen aljanu, Baba bai musa ba.

Zirga-zirgar gareji ta soma taɓa jikin Baba. Diddigensa na dama ya kumbura, har ya fara ɗingishi. Mama na shafa masa man zafi tana cewa tsufa ne, shi yana cewa takalmi ne.

Ana jibi za ta fara aiki ya yanke hukunci. Auta ta roƙe shi, ta ce za ta riƙa tafiya a hankali, ta ce bugu ai ba ya kisa. Ya ce ya binne abokai da yawa da suka faɗi haka. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, don ta san in motar ta tafi, aikin ma ya bi ta.

Da safe suka kama hanyar wajen masu ƙarfe, ita ke tuƙi. Ƙafar Baba mai kumburi ta ƙi shiga takalmi, don haka ya ɗora ta kan gwiwarsa ta hagu, a naɗe da bandeji, yana tallabe da ita kamar jaririya.

Ta taka birki a shataletale, shiru. Ta taka a danja, shiru. Ta sake takawa a bakin kasuwa, babu ko ƙyas.

"Baba, ya daina fa."

"Makirci ne," in ji shi. "Ta ji inda za mu kai ta."

Bai rufe baki ba wani mai babur ya faɗo titi da katifa a kansa, ko waiwaye bai yi ba. Auta ta danna birki da dukkan ƙarfinta.

Gum!

Wannan karon bugun ya zo da ihu, irin wanda ba ta taɓa ji daga bakin mahaifinta ba. Motar ta tsaya cak. A karon farko tun da ta fara tuƙi, Auta ta ɗauke ido daga titi ta duba gefenta. Baba ya rintse ido, gumi na keto masa, ƙafarsa mai bandeji kuwa ta sauka daga gwiwa tana kafe a ƙasan mota, daidai inda kafet ya cinye har ƙarfe ya fito, tana danne da birkin da babu shi a gefen fasinja.