Kunyar Suruki da Wayar Cikin Bango

Kai da kake cewa kunya ce ta rufe maka baki, zauna ka ji misali. An yi wani mai aikin wayar lantarki, gwani ne, ba ya ha'inci. Al'adarsa, in ya gama zura wayoyi cikin bututun bango, ba ya bari a shafa siminti sai ya kashe wuta ya ɗaura na'urarsa ta gwaji, ya ga ko robar da ta lulluɓe wayar lafiya take. Ya san ƙwan lantarki yakan kama tar alhali wuta na yoyo ta wata 'yar kafa da ido bai gani. Sai surukinsa, dattijon da ya shekara goma yana gina gidansa ɗaki-ɗaki, ya kira shi aiki. Ya zuba gwanintarsa duka. Da aka kunna, kowane ƙwai ya kama, tsoho ya washe baki don murna, ya ce, "Madalla da ɗan albarka. Ai magana ta ƙare, magina su shafe bango." Na'urar tana cikin jaka a gefen ƙafarsa. Amma yaya mutum zai ɗaga ido ya ce wa uban matarsa a dakata, ga siminti an riga an kwaɓa? Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ni kam ban ga laifinsa sosai ba, wanda bai taɓa durƙusawa gaban suruki ba ne kawai zai yi masa dariya.

Rani ya wuce lafiya. Da damina ta sauka bango ya sha ruwa, wata safiya surukarsa ta kama famfon tsakar gida za ta ɗebi ruwa, wuta ta fizge ta ta yar, hannunta ya yi kwanaki bai ɗaga ludayi ba. Allah ya sa da sauran kwana. Mai aikin wayar ya zo da gudu, hankalinsa a tashe, ya ɗaura na'urar da ya ji nauyin fitarwa wancan karon, allurarta ta nuna wuta na zurarewa. Babu dabara sai guduma. Haka ya riƙa fasa bangon nan mai sabon fenti, tsoho na tsaye a bayansa yana kallo. Can bayan famfo ya zaro wayar. Bakin bututu ne ya karce robarta tun ranar da aka zura ta, tabon bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya tsaya yana kallonsa hawaye na zuba. Gwajin da bai kai tsawon shan shayi ba ya guda don kunya, ga shi kunyar ta dawo ta same shi tana ninki goma.

Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.