Ranar da Baba Ya Sauke Bindiga

Har yanzu ina jin warin albarushin wannan la'asar. Baba ya ɗauke ni daga unguwarmu ta Jarwal zuwa filin harbi a bayan gari, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama, maza suna harbi. Mu kaɗai ne baƙar fata a wurin.

Da layi ya zo kan Baba, ya ɗaga bindiga ke nan sai ga jirgin soja ƙasa-ƙasa ta bayan dutse, ƙararsa har cikin haƙorana. Baba ya sauke bindigar, faifan ya faɗi ba a taɓa shi ba.

Wani mai jan shimagi, mayafin kan nan na Larabawa, ya yi dariya, ya ce da Larabci, "Takaruni ya tsorata! Wannan ba wasanku ba ne." Takaruni shi ne sunan rainin da suke kiran baƙaƙe irinmu da shi.

Na ja wa Baba riga. "Mu tafi gida."

"Ba inda za mu, 'yata." Ya juya ga mutumin. "Ɗan wani ne a cikin jirgin nan, ba zan yi harbi yana sama ba. Kuma a garin nan aka haifi ubana. A cillo wani!"

Aka cillo, Baba ya harba, faifan ya tarwatse.

Har yau in aka jefe ni da wannan suna, tsayawa nake ina kallon mutum sai ya kawar da ido.