Rabona a Gonar Baba

Yayana ya ja igiyar awo, ya kafa kara a gabana.

"Naka ke nan."

Mu goma sha huɗu muka gaji gonar Baba a Droum. Na auna rabona: taku talatin a tsaye, goma a kwance.

Shekaru na yi a biro, wato ofis, a Damagaram ina raba yawan jama'a da faɗin ƙasarmu baki ɗaya, ina rubuta cewa mutum ashirin kacal ke zaune a kowane murabba'in kilomita. Na sha yi wa yayana wannan bayani, har da alfahari.

"Yaya, wannan ko akuya ba zai ciyar ba."

Ya naɗe igiyarsa, bai dube ni ba.

"Ba kai ka ce fili ya yi mana yawa ba? Sauran rabonka yana cikin rairayin hamadar Tenere. Je ka shuka gero."