Ragon Suna a Hawa na Sha Biyu

Tunda na ji kana cigiyar mai sayen gidan mahaifinka, ja kujera tukuna in ba ka misalin wani tela.

Telan nan, da ɗinki ya karɓe shi, sai ya sayar da gidan gado, mai zaure da darbejiya a ƙofa, ya sayi ɗakuna a sabon dogon benen nan da ake jera mutane bisa juna kamar tattabaru a akurki. Ranar tashi ya tsaya bakin layi yana cika baki. Wai shi ya gama da warin lambatu da kukan awaki, wai inda za shi ko sauro sai ya yi guzuri kafin ya kai hawa na sha biyu. "Duk wanda ya yi kewata," in ji shi, "ya ɗaga kai sama." Mutanen unguwa suka yi dariya, suka taya shi ɗora katifu a mota.

Bai daɗe ba ya gane ashe sama ma da nata. Matarsa ta fara dakan yaji ke nan, na ƙasa ya hawo da jajayen idanu, tun ranar turmi ya koma kujera. Shanya a baranda an hana, wai tana ɓata kyan gini. Famfo sai ya ƙosar da duk na ƙasa kafin ya tuna da su, ya yi tari biyu ya yi shiru. Mai ruwa ya kalli matakala sau ɗaya, ya tura kurarsa ya ƙara gaba. Maƙwabcin da ƙofarsu ke kallon juna kuwa, ko sunansa tela bai sani ba, da kai ake gaisawa kamar ƙadangaru. Amma in ya haɗu da mutanen tsohuwar unguwa a kasuwa, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Iska, malam! Mu fa can bargo muke ja da rana."

Ana nan sai matar ta sauka, ɗa namiji, ɗan fari. Suna ka san sai da rago, ga dokar gini ta ce ko kaza ba ta ƙetare get. Manajan ginin ya ce a kai mayanka, a kawo nama a leda. Tela ya ce a ransa, ɗan fari guda a yanka masa inda ba wanda ya gani? Mutanen unguwa su ce me? Ana gobe suna ya bari sai da maigadi ya ta da sallar la'asar, ya shigo da rago a bayan mota, ya lulluɓe shi da bargo, ya hau da shi ya kulle a banɗaki. Da kukan rago ya yi yawa manaja ya zo ya buga ƙofa. Tela ya dafa ƙirji ya ce talabijin ce.

Da safe unguwa ta zo ƙwai da ƙwarƙwata. Aka nuna wa tsohon limaminsu lif, akwatin nan mai hawa da sauka da mutane. Liman ya leƙa, ya ja da baya, ya ce shi ba ya shiga akwati da ransa, matakala kuwa gwiwa ta ƙi. To, tunda liman ba ya hawa, dole rago ya sauko, a zaga bayan katanga a yanka. Tela ya saka farar shaddar da ya ɗinka da hannunsa, ya sake lulluɓe rago, ya tura shi cikin lif. Suna tsakiyar hanya aka ɗauke wuta. Janareta ba mai. Waya ba sabis. Daga shi sai rago a cikin duhu, suna rabon iska. Can ƙasa dattawa na tsaye kan siminti tsakanin motoci, ba tabarma ba inuwa, rana tana ta hawa, liman ya raɓa da bencin maigadi yana jan carbi.

Sai wajen azahar aka kawo wuta. Ƙofar lif ta buɗe a gaban kowa: ga mutanen unguwa, ga mazauna gini da suka gaji da jira, ga manaja. Rago ya fara fitowa yana jan bargo, da guntun aikin wuyan riga a bakinsa. Tela na biye, hula a hannu, shadda ta sha gumi da fitsarin rago. Manaja ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, talabijin ɗin ce ta sauko shan iska?" Aka fashe da dariya har da maigadi. Kunya ta sa tela ya manta inda yake, ya ce, "Ku kama shi mu tafi gida, a yanka gindin darbejiya, inda aka yanka nawa." Dariya ta ɗauke. Liman ya ce a hankali, "Wane gida, ɗana? Wanda ya saya ya sare ta tun bara. Zauren ma shagon cajin waya ne yanzu."

Tela ya tsaya riƙe da igiyar rago. Ya ɗaga kai sama, yadda ya ce masu kewarsa su riƙa yi, ya bi tagogi jeri-jeri duk iri ɗaya, ya rasa wacce ce tasa.

To ka ji. Takardun gidan suna hannunka, ni ban hana ka ba. Amma masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.